Jiyya a Dokar Daji: Yadda Ake Neman Gyara Kangararrun Matasa a Carolina ta Arewa

Duk baƙon da ya shiga tsakiyar birnin Greensboro, a jihar Carolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, abin da za a fara nuna masa shi ne tsohon kantin Woolworth da ke kan titin Elm. A nan ne ran 1 ga watan Fabrairu na 1960 waɗansu ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a wurin cin abincin da aka keɓe wa Turawa, suka ƙi tashi. Tun shekarar 2010 kantin ya zama gidan tarihi, ana kai yaran makaranta su ga abin da samari suka yi wa ƙasarsu. To, amma tafiya kaɗan daga wurin akwai kotun gundumar Guilford, da ofisoshin masu ba da shawara kan lafiyar tunani, inda ake kai waɗansu matasan dabam, waɗanda suka gagari iyayensu ko kuwa duniya ta yi musu zafi tun ba su kai ko'ina ba.

Greensboro birni ne mai mutane wajen 299,000 bisa ga ƙidayar 2020, cikinsu har da 'yan Nijar da dama, Hausawa da Zabarmawa, waɗanda suka yi kaka-gida suna renon 'ya'yansu a can. Birnin yana tsakanin teku daga gabas da manyan duwatsun Appalachia daga yamma. Wanda ya bi babbar hanya mai lamba 40 ya nufi yamma, cikin awa uku zai isa Asheville da gandun dajin Pisgah. Cikin waɗannan duwatsu ne wata irin jiyya ta yi suna shekara da shekaru, watau ɗaukar matashin da ke cikin damuwa a kai shi dokar daji, ya yi makonni yana tafiya a ƙasa, yana kwana a fili, yana ganawa da masanin halayyar ɗan Adam. Iyaye da yawa sun yaba da ita, waɗansu kuwa ta jawo musu baƙin cikin da ba za su manta ba.

Abin da ke kai iyaye ga haka

Ba don nishaɗi uwa ke rabuwa da ɗanta ɗan shekara 14 ba. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi bincike a makarantun sakandare, ta tarar kashi 42 cikin 100 na ɗalibai sun ce sun yi fama da baƙin ciki mai tsawo ko yanke ƙauna a cikin shekarar da ta gabata. A watan Oktoba na wannan shekara ƙungiyoyin likitocin yara na ƙasar suka ce lamarin ya kai na gaggawa, sa'an nan a watan Disamba babban jami'in lafiya na Amurka na lokacin, Dokta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kai.

A gida kuwa abin da iyaye ke gani shi ne yaro ya daina zuwa makaranta, ko ya shiga shaye-shaye, ko ya kulle kansa a ɗaki dare da rana da waya a hannu, ko yarinya ta fara yi wa jikinta rauni. An je wurin mai ba da shawara sau ɗaya a mako, yaron ya zauna ya yi gum. An gwada magani, an gwada faɗa, an gwada lallashi. A nan ne wani zai ce musu akwai wani wuri a kan duwatsu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan tunani ne ke sa iyaye su karɓi shawarar da hannu biyu, ko da kuɗin ya kai dala 500 zuwa 700 kowace rana, wanda sau da yawa kamfanonin inshorar lafiya ba sa biya.

Asalin dabarar

Tunanin cewa sarari da iska suna taimakon mai taɓin hankali ba sabo ba ne. A shekarar 1901 wani asibitin masu taɓin hankali na gwamnati a birnin New York ya fitar da masu tarin fuka daga ɗakuna ya sa su cikin tantuna a fili, don kada su harbi sauran. Likitoci suka yi mamakin ganin hankalin waɗansunsu ya kwanta tare da samun sauƙin jiki.

Amma ainihin tushen abin yana wurin wani malami Bajamushe, Kurt Hahn, wanda ya bar ƙasarsa a 1933 bayan da gwamnatin Hitila ta tsare shi. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, shi da wani mai kamfanin jiragen ruwa, Lawrence Holt, suka kafa makarantar Outward Bound a Aberdovey, cikin yankin Wales na Birtaniya. An ce Holt ya lura cewa in aka nutsar da jirgi, samarin matuƙa sun fi saurin karaya su mutu cikin kwale-kwalen ceto, alhali dattawa masu ƙarancin ƙarfi suna jurewa. Sai suka ga cewa abin da samarin suka rasa shi ne sanin cewa za su iya jure wahala. Makarantar ta isa Amurka a 1962, a jihar Colorado, kuma a 1967 aka buɗe ta Carolina ta Arewa a gindin dutsen Table Rock.

Mutanen Nijeriya sun san wannan tsari ko da ba su san sunan Hahn ba. A 1951 wani Bature, Alec Dickson, ya buɗe cibiyar horo irin wannan a Man O' War Bay, a bakin tekun Kamaru ta Kudu, wadda a lokacin ake mulkinta tare da Nijeriya. Daga baya cibiyar ta dawo cikin Nijeriya, kuma reshenta na tsaunukan Shere kusa da Jos ya horar da dubban matasa. Hawan igiya da tsallake katanga da masu yi wa ƙasa hidima ke yi a sansaninsu daga nan suka samo asali.

Sai dai fa Outward Bound makarantar horo ce, ba asibiti ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara amfani da zaman daji wajen gyaran yara masu matsala shi ne Campbell Loughmiller, wanda daga 1946 ya shugabanci wani sansani kusa da birnin Dallas a jihar Texas. A wurinsa yara kamar goma suke zama da malamai biyu, su gina bukkarsu da kansu, su tsara abincinsu, kuma duk lokacin da rigima ta tashi sai kowa ya ajiye abin da yake yi, a zauna a da'ira har a warware ta. Wani attajiri mai kantunan magani, Jack Eckerd, ya kwaikwayi wannan tsari a Florida a 1968, daga baya ƙungiyarsa ta buɗe sansanoni a Carolina ta Arewa bisa yarjejeniya da gwamnatin jihar, ɗaya daga cikinsu a Candor, kudu da Greensboro. Ita ma ƙungiyar gidajen yara ta cocin Baftis, mai hedkwata a Thomasville kusa da Greensboro, ta buɗe sansanin yara maza na Cameron a kan wannan tafarki.

Akwai kuma reshe na uku, wanda ya fito daga hamadar jihar Utah. A ƙarshen shekarun 1960 wani malami a Jami'ar Brigham Young, Larry Dean Olsen, ya riƙa kai ɗaliban da karatu ya gagara cikin hamada na tsawon wata guda, da guzuri kaɗan. Daga wannan reshe ne kamfanoni masu neman riba suka yaɗu a shekarun 1980.

Yadda aikin ke tafiya

A yawancin sansanonin zamani, matashi yana yin mako 8 zuwa 12. Ana karɓe wayarsa da tufafinsa, a ba shi jakar goyo da bargon kwana da tamfol. Ana haɗa shi da yara takwas ko goma sa'o'insa, tare da ma'aikatan daji waɗanda ke kwana da tashi da su. Kullum sai a naɗe kaya, a yi tafiya, a ɗebo ruwa a tace shi, a dafa abinci. A wurare da yawa ana koya wa yaro kunna wuta ba ashana, ta hanyar murza tsinke a kan busasshen itace da ɗan baka, abin da yakan ɗauki kwanaki kafin hannu ya faɗa.

Shi masanin, watau mai jiyyar, yakan zo daji kwana ɗaya ko biyu a mako. Zai zauna da kowane yaro shi kaɗai, ya zauna da su gaba ɗaya, sa'an nan ya koma gari ya yi magana da iyaye ta waya. Iyaye da yaro suna musayar wasiƙu da hannu, kuma wasiƙar farko, wadda iyaye ke bayyana dalilin da ya sa suka turo shi, sau da yawa a gaban 'yan'uwansa yake karanta ta.

Masu wannan aiki suna kafa hujja da abubuwa uku. Na farko, an raba yaro da abokan banza da ƙwaya da waya, jikinsa ya sami barci da motsi da abinci a kan kari. Na biyu, daji ba ya gardama da kowa. Yaron da ya ƙi ɗaure tamfol ɗinsa da kyau, ruwan sama ne zai jiƙa shi, ba babansa ba, saboda haka ba shi da wanda zai yi wa tsiwa. Na uku, yaron da ba ya iya kallon babba ido da ido a ofis, yakan saki baki in suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ko suna zaune a bakin wuta. Mai jiyya kuma yana ganin halin yaron da idonsa, yadda yake yi in ya gaji, ko in wutar ta ƙi kamawa, ba sai an ba shi labari ba. In yaro ya yi jifa da itacen ya fashe da zagi, sai a tambaye shi ko haka yake yi in lissafi ya gagare shi a aji.

Ba kowa ke da ikon kiran kansa mai jiyya ba. A Carolina ta Arewa, hukumar da ke ba masu ba da shawara kan lafiyar tunani lasisi ofishinta a Greensboro yake, kuma ba ta ba da cikakken lasisi sai mutum yana da digiri na biyu, ya kuma yi aiki awa 3,000 a ƙarƙashin kulawar wanda ya fi shi. Jami'ar Carolina ta Arewa da ke Greensboro tana cikin wuraren da suka yi suna wajen horar da irin waɗannan ma'aikata. Amma abin lura shi ne, wannan mai lasisin baƙo ne a daji. Waɗanda ke tare da yaro da tsakar dare su ne ma'aikatan daji, galibinsu samari da 'yan mata da ba su daɗe da gama karatu ba, albashinsu kaɗan, horonsu gajere.

Abin da bincike ya nuna

Akwai shaida cewa tsirrai da sarari suna kwantar da hankali. A 1984 wani masani, Roger Ulrich, ya duba takardun marasa lafiyar da aka yi wa aikin matsarmama a wani asibiti a Pennsylvania, ya tarar waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bango barin asibiti, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

Game da sansanonin kansu, wani bincike da Keith Russell ya buga a 2003 ya bi matasa 858 daga wurare bakwai, kuma su da iyayensu suka ce an sami sauƙi sosai a lokacin sallama. Waɗansu bincike na baya sun sami irin wannan sakamako. To, amma masana da dama suna ja da baya. Sun ce yawancin binciken ba a kwatanta yaran da waɗansu irinsu da aka yi wa wata jiyya dabam ba, kuma da yawa daga cikinsa da taimakon ƙungiyar masu sansanonin aka yi shi. Har ila yau yaron da ya san cewa sai ya nuna ya shiryu za a sake shi, zai faɗi abin da ake so a ji. Ban da haka, yara da yawa ba gida suke komawa daga daji ba, wata makarantar kwana ta jiyya ake wucewa da su, don haka da wuya a san wanne ne ya yi aiki.

Inda gyara ya zama ɓarna

Babban abin da ake suka shi ne yadda ake kai yaran. Da yawa ba da yardarsu suke zuwa ba. Iyaye sukan yi hayar ƙarti biyu, su shigo ɗakin yaro da asuba, su tashe shi, su sa shi a mota ko jirgin sama. Waɗanda aka yi wa haka suna yara, yanzu sun girma, suna ba da labarin cewa shekaru bayan nan ba sa iya barci sai sun kulle ƙofa. Yaya za a gina amana a kan irin wannan tushe?

An kuma yi asarar rayuka. A 1990 'yan mata biyu sun mutu a sansanoni biyu dabam da ke da mazauni a Utah, saboda zafi da ƙishirwa, kuma a 1994 wani yaro ɗan shekara 16 ya mutu da ciwon ciki bayan ma'aikata sun ɗauka ƙarya yake yi. A watan Oktoba na 2007 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoton dubban ƙorafe-ƙorafe na cin zarafi a wuraren gyaran matasa, ya kuma bi diddigin mutuwar yara goma tsakanin 1990 da 2004. Abin da ya yi ta maimaituwa shi ne ma'aikata marasa horo waɗanda suka ɗauki ciwo a matsayin taurin kai.

Carolina ta Arewa ma ba ta tsira ba. A sansanin Trails Carolina da ke Lake Toxaway, wani ɗan shekara 17 ya gudu a 2014, aka tsinci gawarsa a rafi bayan kwanaki. Sa'an nan ran 3 ga Fabrairu na 2024 aka wayi gari wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu, bai cika kwana ɗaya da zuwa ba, bayan an ɗauko shi daga New York. An kwantar da shi cikin wata 'yar jakar kwana mai kama da ƙaramin tanti, aka zuge ta, aka sa mata ƙararrawa don kada ya fita. Likitan binciken gawa ya ce toshewar numfashi ce ta kashe shi. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta kwashe sauran yaran cikin wannan wata, daga baya ta soke lasisin sansanin. A watan Nuwamba mai gabatar da ƙara na yankin ya sanar cewa ba zai gurfanar da kowa ba. Garin neman gira, an rasa ido.

Hukumomi sun fara motsi, ko da yake a hankali. Jihar Utah ta tsaurara dokokinta a 2021, kuma a watan Disamba na 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan wata doka da ta umarci a yi cikakken bincike na ƙasa a kan irin waɗannan wurare. Paris Hilton, wadda aka tura irinsu tana budurwa, tana cikin waɗanda suka yi fafutukar ganin an kafa ta. Sansanoni da dama sun rufe a shekarun nan.

Darasi ga ƙasashenmu

Bahaushe bai rasa sanin wannan matsala ba. Tun da can in yaro ya gagara, akan tura shi ƙauye wurin kawu ko baffa, ya yi noma, ya yi kiwo, ya huce. Sau da yawa abin yana aiki, domin wanda aka kai wa yaron jininsa ne, kuma duk gari ana ganin yadda yake riƙe shi. Amma akwai kuma gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa, kuma a wata na gaba aka sami irin haka a Daura. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da kansu, suna biyan kuɗi, da nufin a raba su da ƙwaya. Buƙatar kuwa babba ce, domin binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara guda.

Tsakanin Rigasa da Lake Toxaway akwai teku da bambancin arziki, amma ciwon ɗaya ne: iyaye da suka rasa yadda za su yi, yaro da ba a tambayi ra'ayinsa ba, da wuri mai nisa da idon jama'a inda ba shi da wanda zai kai wa kuka.

Akwai wata hanya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka nuna ta ɗan Nijeriya ne. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauyawa, kowane tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Bai raba majiyyaci da danginsa ba, bai kuma ɓoye shi ba. A ƙasar Norway ma, wani asibitin gwamnati a Kristiansand ya yi amfani da jiyyar dokar daji ga matasa, amma da yardarsu, na kwanaki kaɗan a lokaci guda, kuma masu jiyyar da kansu ke tafiya tare da su. Ita ma Greensboro ba ta rasa wuraren da za a yi haka ba, domin gandun Haw River yana bakin gari daga arewa, duwatsun Hanging Rock kuwa tafiyar kamar awa ɗaya ce, yaro zai iya wuni a can ya kwana a ɗakinsa.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, daji wuri ne kawai. Yana iya buɗe bakin yaron da ya yi shiru, yana iya nuna masa cewa hannunsa na iya yin abin kirki, amma mai warkarwa mutum ne da ya san aikinsa, tare da iyayen da su ma suka yarda su gyara nasu halin, domin yaron da ya dawo ya tarar da gida yadda ya bar shi ba ya daɗewa bai koma gidan jiya ba.

Saboda haka duk mahaifin da aka ba shawarar ya tura ɗansa wani wuri, ko a Greensboro yake ko a Kano ko a Maraɗi, yana da tambayoyin da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. Shin yaron ya san inda za shi, ya kuma yarda? Wace hukuma ce ta ba wurin izini, yaushe ta zo dubawa? Wane ne zai kwana kusa da shi, wane horo ke gare shi? In ya ce ba shi da lafiya, wa zai duba shi, kuma asibiti mafi kusa tafiyar awa nawa ce? Yana da hanyar kiran gida ba tare da wani ya tsaya a kansa ba? Wurin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ba wurin kai ɗa ba ne.